Yadda ake sa lambar cuta da ta neman kuɗi idan ciwon a fatar ido yake, tun daga hazbiya har zuwa kumburin da ke kai yaro gadon asibiti

Wannan bayanin na rubuta shi ne saboda 'yan'uwa da suka fara koyon aikin kodin na asibiti irin na Amurka, wato aikin da za ka karanta abin da likita ya rubuta a fayil ɗin mara lafiya ka mayar da shi lambobi, a tura wa kamfanin inshora ya biya. Da yawa suna karatun ne don jarrabawar CPC, wato ta samun shaidar ƙwarewa a kodin, wadda ƙungiyar masu kodin ta Amurka AAPC ke shiryawa, wasu kuma sun riga sun samu aiki suna yi daga gida. Na zaɓi fatar ido ne saboda waje ne ɗan ƙarami da mutum zai raina, amma wallahi a nan na fi ganin ana dawo da takardun neman biya, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, mai sa lambar yana tunanin ido biyu ne alhali littafin yana tunanin fata huɗu ne. Ta sama ta dama, ta ƙasa ta dama, ta sama ta hagu, ta ƙasa ta hagu. In ka riƙe wannan toh rabin aikin ya ƙare.

Kafin komai ka san da wane littafi kake aiki. Amurka tana amfani da littafin lambobin cututtuka na ICD-10-CM tun 1 ga Oktoba 2015, kuma ba ɗaya yake da ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ba duk da daga jikinsa aka ciro shi. A na hukumar, hazbiya da maruru da ƙurji mai mugunya a fatar ido duk lamba ɗaya ce, H00.0, shikenan ka gama. A na Amurka H00.0 kan magana ne kawai, ba a biya da shi, sai ka cika shi ya kai haruffa da lambobi shida. Wanda ya taba aikin rekod a asibiti a Kano ko Kaduna ko ya cike takardun HMO da ICD-10 na hukumar, wannan shi ne farkon abin da zai ba shi wahala, domin hannunsa ya saba tsayawa a huɗu. Sannan ana sabunta na Amurka duk 1 ga Oktoba, wani lokacin da ƙari a 1 ga Afrilu, kuma ranar da aka ga mara lafiya ita ke yanke wane bugu za ka bi, ba ranar da kake zaune kana sa lambar ba.

Toh ka buɗe fayil. Kar ka fara da neman lamba, ka fara da karanta abin da likita ya kammala a kai a ƙarshen bayaninsa, ka nemi abu uku, mene ne ciwon, wane ido, wace fata. In ɗaya ya ɓace a ƙarshen ka koma sama wajen da ya rubuta abin da ya gani da ya duba, sau da yawa yana nan.

Hazbiya ita ce ka fi haɗuwa da ita. Likita zai kira ta hodiyolum, kuma iri biyu ce. Ta waje wadda ke fitowa a bakin fatar wajen tushen gashin ido, ita ce H00.01, ta ciki kuma wadda ke kama 'yan jakunkunan maiƙon da ke cikin fatar, waɗanda ake kira meibomiyan, ita ce H00.02. In abin ya tara mugunya sosai likita ya rubuta ƙurji ne ko maruru a fatar ido, sai H00.03. Dukkansu ukun suna jiran lamba ta shida, kuma tsarinta ɗaya ne:

1 dama sama, 2 dama ƙasa, 3 idon dama amma ba a faɗi wace fata ba, 4 hagu sama, 5 hagu ƙasa, 6 idon hagu ba a faɗi fata ba, 9 ba a faɗi komai ba.

Kenan hazbiya ta waje a fatar sama ta idon dama H00.011 ce, ta ciki a fatar ƙasa ta hagu H00.025, maruru a fatar sama ta hagu H00.034. Ka lura babu lambar "duka biyu" a nan. In yarinya ta zo da hazbiya a dama sama da hagu ƙasa lamba biyu za ka sa, H00.011 da H00.015, kowacce a layinta. Su kuwa 3 da 6 da 9 ni dai ina ganinsu kamar tayar sifiya, suna nan don ranar da babu yadda za a yi, amma a asibitin ido inda likita ya sa fitila ya leƙa fatar da idonsa, babu dalilin da zai sa a ce ba a san wace fata ba ce, kuma kamfanonin inshora da yawa kwamfutarsu tana tsayar da irin wannan takardar tun kafin mutum ya gan ta.

Sai kalaziyon, wanda ake yawan rikita shi da hazbiya. Shi wani ƙullutu ne mai tauri da ke zama bayan jakar maiƙon ta toshe, yawanci ba zafi ba ja sosai, yana iya yin makonni ko watanni, kuma asalinsa ba ƙwayar cuta ba ce. Lambarsa H00.1 kuma ga inda mutane ke zamewa, shi biyar ne ba shida ba. H00.11 dama sama, H00.12 dama ƙasa, H00.14 hagu sama, H00.15 hagu ƙasa. In hannunka ya saba ka ƙara masa ta shida ka ƙirƙiro lambar da babu ita. Mara lafiya zai iya ce wa nas "hazbiya ce ta ƙi tafiya" a rubuta hakan a sama, likita kuma ya rubuta kalaziyon a ƙasa, na likita za ka bi.

Bilefaraitis kuma shi ne kumburin bakin fatar, inda gashin ke fitowa, da ƙaiƙayi da ɓawo kamar amosanin ka da kwantsa da safe. H01.00 in ba a faɗi iri ba, H01.01 mai gyambo, H01.02 mai ɓawo. Lamba ta shida irin waccan ce, sai dai tun Oktoban 2018 an ƙara masa harafi biyu masu sauƙaƙa aiki, A na nufin idon dama sama da ƙasa duka, B idon hagu sama da ƙasa duka. Da can in ya kama duk fatun huɗu sai ka jera lamba huɗu, yanzu H01.00A da H01.00B sun wadatar. Amma in likita ya ce kumburin ya haɗa da farin idon ma, wato bilefarokonjonktibaitis, ka bar H01.0 gaba ɗaya ka tafi H10.5, akwai gargaɗi a littafin cewa ba a haɗa su.

Yanzu ga wajen da nake so a tsaya sosai, domin a nan kuskure ba na kuɗi kaɗai ba ne, yana ɓata tarihin mara lafiya. Kalmar selulaitis, wato cutar da ke bin ƙarƙashin fata tana kumbura ta tana ja da zafi, a kewayen ido gida uku take da shi. Akwai wani siririn labule a cikin fatar ido da ke raba gaba da ramin idon. In cutar tana gaban labulen likita zai rubuta piriseptal ko periobital, lambarta L03.213, tana babin fata ne ma ba babin ido ba, an shigo da ita a Oktoban 2016, kuma ba ta da dama ko hagu, haka take ita kaɗai. Yara suka fi zuwa da ita, bayan cizon ƙwaro ko ƙujewa ko hazbiyar da aka matse ko mura da ta shiga kogon hanci. In kuwa ta wuce labulen ta shiga ramin idon, ido ya turo waje, motsa shi na zafi ko ba ya juyawa daidai, gani ya ragu, wannan obital ce, H05.01, 1 dama 2 hagu 3 duka biyu, kuma wannan ita ce ake kwantar da mutum a yi hoton CT a sa magani ta jijiya domin tana iya tafiya da ganin ko ta haura ƙwaƙwalwa. Na ukun, in likita ya rubuta selulaitis na fatar ido kawai bai ƙara komai ba, fihirisar littafin tana tura ka wajen ƙurjin fatar ido ne, H00.03, da fatarsa.

Kaga periobital da obital bambancinsu 'yan haruffa ne a gaba, mai sauri zai karanta ɗaya a madadin ɗaya. In ka sa wa yaron da aka ba sirop aka sallama gida lambar H05.011, ka rubuta masa a tarihinsa cutar da bai yi ba, kuma duk mai bincike da ya zo zai ga cuta mai tsanani da magani mara nauyi ya fara tambaya. In kuma ka yi akasin haka ga wanda ya kwana uku a asibiti, inshora za ta ce me ya kawo kwanciya. Kar kuma ka gudu zuwa L03.211 na fuska don ka ga ido a fuska yake, a ƙarƙashinsa an rubuta ƙarara cewa fatar ido da ramin ido suna da nasu wajen.

Akwai cututtukan da suke fitowa a fatar ido amma lambarsu ba ta babin ido kwata-kwata. Hapis na fatar ido, mai fito da 'yan ƙuraje masu ruwa, B00.59. Zosta, wadda ƙwayar ƙarambau ce ke farkawa bayan shekaru ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na goshi, in ta taɓa fatar ido B02.39. Molaskam, 'yan ƙurajen nan masu ɗan rami a tsakiya da yara ke yi, B08.1. Impetigo mai ɓawo kalar zuma yana L01.0 da lamba ta biyar gwargwadon irinsa. A littafin Hukumar Lafiya ta Duniya akwai H03 da ake haɗawa da waɗannan a matsayin lamba ta biyu don a nuna fatar ido ce ta kamu, amma a na Amurka babu H03 ko kaɗan, kar ka ɓata lokaci kana nemanta. Tsofaffin ma'aikata kuma za ka ji suna ambaton 373.11 ko 373.13 ko 373.5, na ICD-9 ne, tsohon littafin da ICD-10-CM ya maye gurbinsa, in ka gansu a tsohon fayil tarihi ne kawai ba a tura su yanzu.

Sannan ba duk jan fata ne cuta mai ƙwaya ba. Mace ta canza kwalli ko man shafawa ko ta sa gashin ido na kanti da gam, fatar ta kumbura tana ƙaiƙayi, likita ya ce alaji ne, wannan H01.11 ne da lambar fatarsa, kyasfi irin na ekzima kuma H01.13. Ko da an ba ta man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta don kariya, ba maganin ne ke zaɓa maka lamba ba.

Maganar ƙwayar cutar kanta. In an ɗebi mugunya an kai lab, likita ya dawo ya rubuta cewa stafilokokus oriyos ne ya jawo, sai ka ƙara B95.61 a bayan lambar ciwon, in mai taurin kan nan ne da ba ya jin maganin da aka saba, wato MRSA, sai B95.62. Ba sa zuwa a farko, kullum a baya suke. Kuma dan Allah a kiyaye, takardar lab kaɗai ba ta isa ba, sai likita ya ɗauke ta ya danganta ta da ciwon da rubutunsa. Haka in mai ciwon suga ne kuma likita ya duba sugan ko ya ce yana shafar jinyar, lambar sugan tana shiga a matsayin ta biyu.

In likita bai tabbatar ba fa, ya rubuta "mai yiwuwa" ko "ana zargin" ko ya sa alamar tambaya? A wanda aka gani aka sallama ranar, ƙa'ida ita ce ba a sa lambar cutar da ake zargi, abin da aka tabbatar ake sawa, misali kumburin fatar ido H02.84 da lambar fatar, ko ciwon ido H57.1. A wanda aka kwantar ne ƙa'idar ta bambanta. In kuma bayanin ya saɓa wa kansa, sama an ce dama ƙasa an ce hagu, ka tura wa likita tambaya a rubuce, kuma tambayar kar ta zama mai jan hannu. Ba za ka ce "likita ai obital ce ko?" ba, za ka kawo abin da ka gani a fayil ka ce a fayyace wane iri ne da wace fata. Likitoci suna cikin sauri, wani zai ɗan ja rai, amma gara jinkirin kwana ɗaya da ka yi hasashe.

Wannan duk ɓangaren "me ke damunsa" ne. Ɗaya ɓangaren shi ne "me aka yi masa", wato lambobin CPT na ƙungiyar likitocin Amurka, su kuma duk 1 ga Janairu ake sabunta su. Ganin likita kaɗai, ya duba ya ce a riƙa gasa wajen da tsumma mai ɗumi ya rubuta magani, ana sa shi da 99202 zuwa 99205 in sabon mara lafiya ne, 99212 zuwa 99215 in tsohon zuwa ne, 99201 an cire ta tun 2021. Likitocin ido suna da zaɓi na biyu, 92002 da 92004 na sabo, 92012 da 92014 na tsoho, ɗaya ake ɗauka ba duka ba. Sabo kuma yana nufin shekara uku bai ga wannan likitan ko wani mai fanni ɗaya da shi a rukuninsu ba. Hazbiya guda ɗaya mara rikici ƙaramin gani ne, kar a kumbura shi ya koma 99215 don kuɗin ya fi, wannan a Amurka laifi ne da ake bin asibiti da shi har kotu, kuma mu ma a wajenmu cin haram ne.

In an tsaga an fitar da mugunya daga fatar ido, 67700 ce. Sababbi suna son ɗaukar 10060 saboda ita suka haddace ta tsaga ƙurji, amma tunda fatar ido tana da tata ita ake bi. Cire kalaziyon guda ɗaya 67800, fiye da ɗaya a fata ɗaya 67801, fiye da ɗaya a fatu daban-daban 67805, in sai da aka sa mutum barci gaba ɗaya ko aka kwantar da shi, kamar ƙaramin yaron da ba zai tsaya ba, 67808. Kar ka jera 67800 sau uku don ƙullutu uku ne, lambobin sun riga sun ƙirga maka. In allurar sitiroyid aka yi a cikin ƙullutun maimakon yanka, 11900 ce, maganin kuma a layinsa daban.

Ga tarkon da ya fi kowanne. Aikin da aka yi a fatar ido yana buƙatar modifaya, wato 'yar alamar da ake liƙa wa lambar CPT, mai nuna wace fata, kuma jerinsu ya fara ne daga hagu, E1 hagu sama, E2 hagu ƙasa, E3 dama sama, E4 dama ƙasa. Lambar cuta kuwa ka tuna daga dama ta fara. Wato 1 a ƙarshen H00.031 dama sama ce, amma 1 a E1 hagu sama ce. A farkon aikina a wani asibitin ido na tura 67700 da E1 tare da H00.031 saboda ido na ya ga ɗaya da ɗaya ya natsu, takardar ta dawo bayan makonni, kuma kafin a gyara har an aika wa matar da aka yi wa aikin takardar bashi gida, dattijuwa ce, ta kira hankalinta a tashe. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun ranar na rubuta haɗin a takarda na manna a jikin kwamfuta, 1 da E3, 2 da E4, 4 da E1, 5 da E2, kuma har yau sai na kalle ta kafin na tura.

67700 da 67800 suna da kwana 10 da kuɗin aikin ya haɗe, in mutum ya dawo a cikinsu don a duba wajen ba a sake cajin gani. In ya dawo da wata matsala daban a kwanakin sai a sa wa ganin modifaya 24, in wani aikin daban aka yi 79. Ita kuwa 25 ita ce ake sa wa ganin likita in an yi shi rana ɗaya da ƙaramin aiki, kuma ita ce masu bincike suka fi sa wa ido. Duba ƙurjin da yanke shawarar tsaga shi yana cikin kuɗin tsagawar, kasancewar mutum sabo ma kaɗai bai isa ba. Sai in an yi wani abu na daban da za ka iya nunawa a rubuce, misali ya zo da maruru kuma an duba hawan jinin idonsa an gyara masa magani.

A fom ɗin neman biya na CMS-1500 akwati na 21 yana ɗaukar lambobin cuta har 12, daga A zuwa L, a 24E kuma kake nuna wace cuta ce ta sa aka yi kowane aiki. In ka sa H00.034 a A da lambar suga a B, layin 67700 da E1 ya nuna A. Mutane suna sa lambobi daidai su ɓata a wannan ɗan harafin.

In takarda ta dawo kar ka sake tura ta yadda take, za a ce maimaici ne. Karanta dalilin, da lamba yake zuwa. CO-11 cutar ba ta dace da aikin ba, ka duba fata da fata da harafin 24E. CO-4 matsalar modifaya ce, ko babu ko ba ta dace ba. CO-97 an ce kuɗin yana cikin wani aikin, yawanci kwana goman nan ne ko modifaya 25 da ba a sa ba. CO-29 lokaci ya wuce, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, shekara ɗaya take bayarwa daga ranar da aka ga mutum, kamfanoni masu zaman kansu kuma wasu nasu bai kai haka ba sosai, yana cikin yarjejeniyarsu da asibitin, ka nema ka sani tun ranar farko. Ka gyara ka tura a matsayin gyararriya tare da lambar takardar farko, in kuma gyaran na buƙatar likita ya ƙara bayani, shi zai ƙara da kwanan watan ranar da sa hannunsa, kai ba ka taɓa rubutunsa.